Jawabin Da Aka Raɗa Masa

Yana miƙewa zai yi jawabin godiya, kansa ya ɗauke ɗif. Shekara hamsin yana wasa a dandamalin Landan da gaban kyamara. Ya fito a sarki, ya fito a ɓarawo, ya mutu ya fi sau ɗari, amma bai taɓa furta kalmar da ba wani ne ya rubuta masa ba. Ga lambar girmamawa a hannu, ga mutum ɗari uku sun ajiye cokula suna jira.

Sai ya ji raɗa daga gefensa. Matarsa ce, wadda ta tsufa a bayan labule tana tuna wa 'yan wasa abin da suka manta.

"Ina godiya ga matata," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ina godiya ga matata!" ya maimaita da muryar nan tasa mai girgiza zaure.

"Wadda ta yi haƙuri da minsharina."

Ya faɗa, aka tuntsire da dariya. Daɗi ya kama shi. Duk abin da ta jefo sai ya cafe ya ƙawata, har wata baiwar Allah ta share hawaye.

Sai da aka miƙe ana tafi ya sunkuya wajenta.

"Ke, me na ce ne a ƙarshen nan?"

"Ka ce ka yi ritaya, tsoho," ta ce tana kurɓar shayinta. "Kuma daga gobe wanke-wanke naka ne."