Shukar Ƙayar da ta Ruɓe

Tsoho ne ya fara gani, kuma sai da ya tabbatar duk gidan sun san da haka. Shukar ƙayar nan ta 'yarsa, mai kama da tulu, ta yi laushi daga gindi tana wari.

"Ni da ban taɓa shiga aji ba na gano, ku masu karatu kuna nan kuna kallo," in ji shi.

'Yar ta kira mai lambu. "Shekara tara nake rainonta. Ban ce maka ruwa sau ɗaya a wata ba? Ka jiƙa ta har ta ruɓe. Ajiye min makullin."

Mai lambu ya yi ta rantsuwa, ko kallonsa ba ta yi ba.

Tsoho ya dubi butarsa. Tun farin da ya cinye masa shanu, bai iya ganin busasshiyar ƙasa ya wuce. Kullum sau biyar, a gindin shukar yake alwala.

"Uwata, mayar masa da makullinsa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Tausayina ne ya kashe ta. Mai musu ya zo ya tura yatsa inda nake tsugunawa."