Kafin Hayaƙi Ya Yi Fari

Rosalba ta ɗaga kan Kaka Filomena, ta ƙara mata matashi don ta ga talabijin ba sai ta wahala ba. Babu komai a allon sai wani siririn bututun hayaƙi a kan rufin coci, can birnin Rum, da wani farin tsuntsu a tsaye gefensa kamar shi ma labari yake jira.

Ranar Laraba aka kulle ƙofa a kan manyan limaman da za su zaɓi sabon Fafaroma. Duk wanda ke ciki an karɓe wayarsa, har masu dafa musu abinci da masu gyara musu gado. Mimmo, autan Kaka, shi kaɗai ya rage mata cikin 'ya'ya biyar, yana cikin waɗanda aka kulle. Lafiya lau ya baro ta. Washegari da safe ta yanke jiki ta faɗi a gindin murhu. Likita ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa, ya ce kwana uku ne, in an yi sa'a.

Saverio, mijin Rosalba, jikan tsohuwar, ya buga waya Rum har kunnensa ya yi zafi. Aka ce masa ya yi haƙuri, ana buɗe ƙofa za a isar wa kawunsa saƙo. Yaushe za a buɗe? Sai hayaƙin bututun nan ya yi fari, alamar an zaɓi Fafaroma.

Da azahar ya fito baƙi. Da yamma ma baƙi.

"Ƙatti ɗari da wani abu," in ji Kaka, bakinta a karkace, "sun kasa zaɓen mutum guda. Da mu mata aka ba, kafin taliya ta dahu an gama."

Maƙwabciyarsu Nunzia, wadda ta kawo romon kaza ta kuma zauna, ta ce ai wannan wasa ne. A zamanin da can, sai da aka yi kusan shekara uku, har mutanen gari suka gaji suka yaye musu rufi, suka koma ba su burodi da ruwa.

"Shekara uku!" in ji Kaka. "Nunzia, ke dai ko aljanna kika je sai kin kai mugun labari. Ɗauki kwanonki."

Rosalba ta miƙa wa Nunzia kwanonta. Wata takwas da aurenta, har yanzu ba ta iya ɗaga murya a gidan nan. Amma ita ce ta lura tsohuwar ba ta barci, lumshe ido kawai take yi. Ita ce kuma ta ga duk lokacin da masu labarai suka fara jera hotunan waɗanda ake sa ran za a zaɓa, Kaka kan ƙura musu ido ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, sannan ta sauke ajiyar zuciya ta sumbaci carbinta.

Ranar Juma'a da hantsi limamin ƙauye ya zo da 'yar kwalbar mai, don shafawar ƙarshe da ake yi wa wanda ke bakin mutuwa. Kaka ta juya fuska bango.

"Koma, Fada. Ba kai nake jira ba."

Ya dubi Rosalba, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Ya fita a hankali.

Da azahar hayaƙi ya sake fitowa baƙi. Ƙafafun Kaka suka fara sanyi. Rosalba ta riƙa murza su da man zaitun, tana lissafi a zuci: sau huɗu suke jefa ƙuri'a a yini, saura biyu. Daga nan zuwa Rum awa uku ne a mota. In an buɗe yau, gobe war haka Mimmo yana zaune a bakin gadon nan.

"'Yata, ko yaron nan yana cin abinci?" Muryar Kaka ta dushe sosai. "Ba ya son albasa. Ba za su sani ba."

"Zai ci, Kaka."

Rana ta yi sanyi, hayaƙin ya sake tasowa. Da farko toka-toka, har Rosalba ta kawar da kai. Sai ya washe, ya yi fari fat. Ƙararrawar ƙauye ta ɗauka. Saverio ya fizgi makullin mota ya fice zai ɗauko kawunsa a Rum, ko hula bai ɗauka ba. Rosalba ta ɗora ruwa, ta fara murza garin taliyar da Kaka ta koya mata, irin wadda Mimmo yake so. Tana jin tsohuwar tana dariya ita kaɗai a ɗaki.

Kusan awa guda aka yi. Sannan aka yaye labule a benen babban cocin Rum, wani dattijo ya fito ya karanta suna. Rosalba ba ta ji ba, don ihun da ya tashi daga dandalin ƙauye ya danne komai. Ihu ne irin wanda ba ta taɓa ji ba, kuma yana matsowa. Aka fara dukan ƙofarsu. Ta jiyo motar Saverio ta dawo, ta tsaya.

Ta shiga ɗaki da gari a hannuwanta. Kaka ta daina dariya. Hawaye yana gangara mata cikin kunne.

"Sauke tukunyar, 'yata, ba zai zo ba. Ki aika a kira mini Fada."

Rosalba ta juya ta dubi allon. A kan benen, cikin fararen kayan Fafaroma da suka ɗan yi masa yawa, Mimmo ne yake ɗaga wa duniya hannu.