Goron Suna a Hannun Sabon Ɗan Aike

Zauna mana, Tasi'u, daɓen ofishin nan bai yi maka laifi ba. Tun safe kake kai-kawo tsakanin kwamfuta da taga kana cewa masu rumbun bayanan nan sun cuce ka. Na ji ƙararka. Rumbu ne mai ajiye mutane tare da igiyoyin alaƙar da ke tsakaninsu, kai kuma ka rubuta manhajar da ke bin igiyoyin daga wannan zuwa wancan. Jiya ka ɗora sabuwar fitowar rumbun, masu shi sun sauya yadda ake ba da umarnin bi, yau manhajarka ta shiga ta ƙi fitowa. Wataƙila sun cuce ka ɗin, ni ma ban cika rantsuwa a kan masu sabunta kaya ba. Amma bari in ba ka wani misali, ko ƙafarka ta huta.

A wani gari na bakin kogi an yi wani magidanci mai yawan dangi. Duk hidimar da ta taso masa, ɗan aike guda yake kira, wani dattijo mai keke. Umarnin kullum ɗaya ne: ka fara da gidan babban yaya, ka ajiye goro, ka tambayi gidajen surukansu, ka bi su, a can ma ka yi haka. Dattijo ya ɗaure ƙwaryar goro a bayan keke, kafin la'asar kowa ya ji. Magidanci ya ɗauka iya ba da umarni ne irin nasa. Bai san rabin aikin a cikin kan dattijon yake ba, domin gidan da ya ajiye wa goro ba ya sake shiga, ko sau nawa aka nuna masa shi. Ba wanda ya ce masa ya yi haka, ɗabi'arsa ce kawai. Da gwiwar dattijo ta fara ƙi, sai ya riƙa cewa, "Alhaji, na kusa jingine keken nan. Masu babur da za su gaje ni, abin da ka faɗa kaɗai za su yi. Ka koyi gaya musu inda ba za su koma ba." Magidanci ya ce, "To Baba, Allah ya ƙara lafiya." A hidima ta gaba ma haka, da wadda ta biyo ta, har gargaɗin ya zama cikin gaisuwarsu.

Ana nan aka haifa wa magidancin ɗa, bayan dattijo ya jingine keke. Al'adar gidansu, kawunsa da ke tsallaken kogi shi ke raɗa suna, kuma mutum ne da ba ya taka inda goro bai kira shi ba, ko da labarin ya zo masa ta waya. Ana gobe suna, magidanci ya kira wani mai babur, baƙo a garin, mai gaskiya da zafin nama, ya karanta masa tsohon umarnin bai rage komai ba. To garin na masu auren zumunci ne. Gidan yaya suka nuna masa gidan ƙanwa, gidan ƙanwa suka nuna gidan gwaggo, gwaggo ta ce ai babban surukinta yana gidan yaya. Mai babur ya koma, ya yi sallama, ya ajiye goro. Mutanen gidan, da yake masu ladabi ne, ba su mayar da hannun kyauta baya ba. Suka sake nuna masa gidan ƙanwa. Magidanci na zaune a ƙofar gida yana ganin babur ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa. Da fari ya yaba ƙwazon. Can ya miƙe, ya zauna, ya leƙa lungu, ya cire hula ya mayar. Rana na faɗuwa mai babur ya tsaya da ƙwarya wayam, kwalekwalen ƙarshe kuwa ya riga ya tsallaka. "Ka je wa Kawu?" "Ban kai kansa ba tukuna, Alhaji. Inda aka nuna min nake bi. Ka ce in bi, ba ka ce in tsallake gidan da na shiga ba."

Da safe rago na ɗaure, malamai sun zauna, waina tana hucewa, magidanci na tsaye yana kallon kogi. Duk kwalekwalen da ya taho sai ya ɗaga wuya. Da rana ta ɗaga, liman ya gyara murya ya raɗa suna. Kawu ya aiko da cewa ya ji yaro ya samu suna, Allah ya raya. Tun daga nan sai a jana'iza suke haɗuwa, can ma daga nesa. Dangin duk suna nan yadda suke, ba igiyar da ta tsinke kafin ranar, mai babur ma bai karya umarni ko ɗaya ba. Ina zaton idan ka duba da kyau, rumbun naka ya daɗe yana rubuto maka cewa tsohuwar hanyar za ta tafi, kai kuma kana amsa masa da Allah ya ƙara lafiya. Hausawa dai sun taƙaita zancen: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.