Keken Giya na Laoban Chen

Tun da aka ja ƙarfen bayan kujerarsa ya ce ƙaras, Mutawakilu ya san ya hau abin da ba a sauka sai an ga dama.

Wai keke ne. Kamar rumfar mai shayi aka ɗora wa tayoyi huɗu: dogon tebur a tsakiya, mutum biyar nan, biyar can, kowa da feda a ƙarƙashin ƙafa, kowa da kofin giya a gaba. Sitiyari da birki suna hannun direba. Kai naka gumi.

Shi lemo ya karɓa. Amma wa ke shinshina kofi a hoto?

Laoban Chen, wato Maigida Chen, mai masana'antar takalma a Panyu ta ƙasar Sin, cewa ya yi a haɗu a ci abinci. Bai ce a kan titin Guangzhou ba, da rana tsaka, da kiɗa kamar gidan biki. Ya cika keken da ma'aikatansa, ya zaunar da Mutawakilu a tsakiya. A bencin baya da ba shi da feda, wata tsohuwa ce zaune, ta rufe kanta yadda matan garin ke gudun rana: faffaɗar hula, baƙin tabarau, ƙyalle har wuya, safar hannu har gwiwar hannu. Laoban ya zuba mata shayi da hannu biyu.

Uwar gida ke nan, in ji Mutawakilu a ransa. Mu tuƙa, ita ta sha iska.

Shekara shida ke nan wannan ɗan Zangon Kumasi yana saya wa Hajiya Balki ta Kano kaya yana lodawa. Bai taɓa ganinta ba, murya kawai. Muryar ce ta kama masa gida, ita ta sa 'yan kasuwa suka koyi sunansa. Ba ta yafe ƙarya, wannan kowa ya sani. Yau da ƙarfe tara saƙonta ya shigo: ya je tashar jiragen ruwa ta Nansha da kansa, ya tsaya kan kwantenarta har a buga mata hatimi. Ƙarfe biyun dare ke nan a Kano. Matar nan ba ta barci, ya ce, ya amsa mata da to, ya tura wani a madadinsa.

Laoban ya matso da baki kusa da kunnensa, da guntun Turancinsa. Maganar nan ce dai ta kullum. Odar takalman Hajiya mai zuwa: kwali iri ɗaya, launi iri ɗaya, ƙasan kawai za a sauya da mai araha. Sai ya yi wata uku a ƙafa zai fara ɓarewa. Mutawakilu zai samu nasa kason.

Sau biyu ya ƙi a baya. Ya ƙi na uku.

Laoban ya yi dariya, ya yi wa direba magana. Keken ya karya hagu.

Mutawakilu ya ɗago kai ya duba titin. Ya san layin. A ƙarshensa gidan abincin Maidaji yake, inda Kanawa ke zama bakin ƙofa bayan Azahar, kowa da waya a hannu. Hoto ɗaya ya isa. Kafin ya sauka hoton ya kai Kano: ga wakilin Hajiya da ya tafi Nansha, a kan keken giya.

Ya daina tuƙi. Keken bai ma lura ba, ƙafa goma sha takwas na yi. Ya taɓa ƙarfen baya, a kulle. Ya nemi a tsaya ya zaga.

"Meyo," in ji direba. Babu.

Ya ga gara ya riga hoton isa. Ya zaro waya ya kāre ta da tafin hannu, ya ɗauki saƙon murya da Hausarsa da ƙarfi, tunda wa zai ji a nan?

"Hajiya, ranki ya daɗe, ina Nansha. Hayaniyar masu lodi ce kike ji. Komai na kan idona."

Ya tura. A bencin baya tsohuwar ta leƙa jakarta, ta mayar ta rufe.

Rumfar Maidaji ta fito, shuɗiya. Ya hango huluna, ya ƙirga bakwai. Wani ya riga ya miƙe yana kallon wannan abin mamaki da ke tahowa da kiɗa. Saura kwanar titi ɗaya tal a hannun dama kafin a iske su. Gumi ya jiƙe masa riga har mazagi.

Ya kama hannun Laoban.

"Juya. Na yarda. Sauya ƙasan, ba za ta gane ba."

Keken ya shige dama. Hulunan suka ɓace. Mutawakilu ya ja numfashi irin na wanda aka tsamo daga rijiya, har ya ɗaga kofin lemonsa a gaisa.

Laoban bai ɗaga nasa ba. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya sa aka kashe kiɗa, direba ya taka birki a inuwar wata bishiya, shi kuma Laoban ya juyo wajen bencin baya yana jira, kamar yadda mai shago ke jiran babban mai ciniki ya yanke magana.

Tsohuwar ta ture shayin da ko taɓawa ba ta yi ba. Ta zare safar hannun dama a hankali, yatsa bayan yatsa. Baƙin lalle ne har wuyan hannu.

"Sannu da lodi, Mutawakilu," in ji muryar da ya yi shekara shida yana rusuna mata a waya. "Ashe Nansha ta matso cikin gari."