Kilo Sittin da Huɗu

Kwana tara Wiebe ya yi yana fama da Kunkuru kafin ya yarda ta farfaɗo daga zaman hunturu. Kunkuru ita ce motarsu mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da ɗan banɗaki. Matarsa Renske ce ta raɗa mata sunan, don ba ta taɓa wuce kowa a hanya ba.

Ya fito da ita daga rumfar manomin da ke ajiye masa ita, ya caja batir, ya wanke tankin ruwa, ya duba iskar tayoyi har sau biyu. Ya hau tsani da gwiwoyinsa na ɗan shekara saba'in da ɗaya, ya bi kowace gaɓa ta rufin ya liƙe, don danshi ne ke cin irin waɗannan motoci, kuma a ɓoye yake ci.

A kan tagar ɓangaren Renske ya fi daɗewa. Shekara huɗu tana cewa iska na shigo mata a wuya, shekara huɗu yana cewa sai baɗi. Ashe aikin minti arba'in ne. Da ya gama sai ya zauna a bakin ƙofar motar, kunya ta ishe shi.

Wiebe mutum ne mai gyara, amma an jarrabe shi da sikeli. Lasisinsa bai yarda ya tuƙa abin da ya haura kilo dubu uku da ɗari biyar ba, har da mutanen ciki, shi kuwa ya riƙe lambar nan kamar addini. Duk watan Mayu, kafin su nufi Faransa, sai sun biya ta sikelin manyan motoci na ma'ajiyar hatsin garin, kowa zaune a kujerarsa, a auna. Kullum sai nauyi ya haura, kuma kullum kayan Renske ne ke sauka.

Na bara ya fi muni. Aka sauke keken ɗinkinta, aka sauke kwalin littattafai da keken hawanta, har aka zo kan buhun dankali.

"Haba Wiebe, dankalin ma? Ka san mutanen can ba su san dankalin kirki ba."

"Tukunyar ƙarfen nan ma kilo bakwai ce."

"Ta uwata ce! Akwatin kayan gyaranka fa, wa ya taɓa auna shi?" Ta kawar da kai ta dubi taga. "Wata rana ni ma a bakin sikelin nan za ka sauke ni."

Dariya ya yi. Wannan dariyar ce ta fi komai damunsa yanzu.

Tun watan Oktoba Renske ba ta sake kwana a gidan ba. Duk Lahadi sai ya sa rigarsa mai kyau, ya sayi furanni, ya je inda take. Shi ne mai magana. Ya ba da haƙuri a kan taga, ya ba da haƙuri a kan tukunya, ko kalma ɗaya bai samu ba. A can ne ya yi mata alkawari cewa bana babu abin da zai sauka daga kayanta. Shekara arba'in da biyar da aure, wannan alkawarin kaɗai ya rage masa da zai iya yi mata.

Ranar tafiya ya loda komai da kansa. Ya ɗaure keken ɗinki a ƙarƙashin tebur, ya naɗe tukunya da tawul kada ta yi ƙara, ya sa dankali kusa da taya kamar yadda ake yi da kaya masu nauyi. Bai auna ko ɗaya a gida ba, karo na farko a rayuwarsa. Tsoro yake ji.

Ya hau da Kunkuru kan faifan ƙarfen sikelin a hankali, ya kashe inji. Idan lamba ta haura, ya san kansa: sai ya sauke wani abu, don bai taɓa karya doka ba, kuma ba yau zai fara ba.

Douwe mai sikeli, wanda sau ɗaya yake ganinsu a shekara, ya leƙo ta tagar ɗakinsa, ya dubi allo, ya sake duba.

"Iko sai Allah! Dubu uku da ɗari biyar cif, kamar bara bayan mun gama sauke-sauke." Ya fashe da dariya. "Amma tsoho, wayo za ka yi min? Ina uwargida? Je ka ɗauko ta. Da ta zauna da kilo sittin da huɗunta, duk tarkacen nan ƙasa za su yi, ni ma in sami dankali."

Wiebe ya dubi kayan ta madubi, ya dubi kujerar da ke gefensa. Keke da littattafai da tukunya da sauransu, duk abin da ya yi shekaru yana hana ta, ashe nauyinsu kilo sittin da huɗu ne, ba ragi ba ƙari. Sai hawaye suka ƙwace masa. Douwe ya daina dariya.

Hanyar Faransa ta hannun dama take. Kunkuru ta karya hagu, ta bi ta bayan coci, ta tsaya a bakin ƙaramar ƙofar ƙarfe ta maƙabarta. Wiebe ya cire hula, ya bi layi na uku kamar kowace Lahadi, ya durƙusa, ya gaya wa dutsen da aka rubuta sunan Renske a kai cewa bana komai ya shiga.