Gwajin Hedifon

Hedifon na uku ke nan da mijinta ya ɗora a kai, ita kuwa tana tsaye a ƙofar shagon ta dafa bango.

Daga Kurfi ya ɗauko ta a mashin zuwa asibiti a Dutsin-Ma. Ta shiga wurin likita, shi ya zauna a waje yana buga gem ɗin harbe-harbe a waya. Da ta fito bai tambaye ta komai ba, sai cewa ya yi su biya kasuwa.

"Yallaɓai, wannan ya fi su duka," in ji mai shagon. "Sauti kewaye ka yake yi. In abokin gaba ya taho ta bayanka, za ka ji takunsa, hagu ko dama."

"Hayaniyar gida fa? Yana toshe ta?"

"Ƙwarai kuwa. Kunna gem ɗin mu gwada. Hajiya, yi masa magana da ƙarfi."

Ta matso har gabansa. Ta dubi fuskar da ta yi shekara tana jira ta ɗago ta dube ta.

"Likita ya ce cikin ya lalace," ta ce. "Ɗanmu ba ya motsi. Gobe za a cire shi."

Mai shagon ya sunkuyar da kai.

Mijin ya zare hedifon ɗin yana dariya.

"Wallahi ko kalma ɗaya ban ji ba! Sa min shi a leda."