Jaririn da Ya Ƙi Farkawa

"Wane magani kike sha?" likita ta daka wa Nkiruka tsawa, tana jijjiga jaririn da ya kasa farkawa ya kama nono.

"Ko ɗaya, likita."

"Ƙarya kike! Ta nononki ya shige shi."

Nkiruka ta sunkuyar da kai, matan da ke layin ganin likita suna mata kallon makashiya. Ta waiwayi uwarta, wadda ta zo daga Nsukka zaman jego, ko za ta kare ta.

Tsohuwar ta kasa ɗaga ido. Ta kwance bakin zane, ta ajiye ƙwayoyin da aka rubuta mata don ciwon gwiwa.

"'Yata, na ga ɗinkin haihuwar nan yana sa ki kuka. Kullum biyu nake niƙa miki a farfesu."